Inda Kalma Ta Ƙare: Adon Muryar Mata Daga Faifan Opera Zuwa Guɗar Hausa

A wani biki da muka halarta a unguwar Limawa cikin garin Minna, daidai lokacin da aka fito da amarya za a kai ta ɗakinta, wata dattijuwa ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ga manyan lasifikoki biyu an kafa a tsakar gida, ga janareto yana ruri a bakin ƙofa, amma muryar tsohuwar nan ta keta hayaniyar duka ta isa har bakin titi, kuma ta daɗe tana kaɗawa kafin ta sauke numfashi. Babu wanda ya waiwaya ya dube ta. Mu ma da ba mu kula ba, in ba don a 'yan kwanakin mun duƙufa ga sauraren wasu tsofaffin faya-fayan Turawa ba, waɗanda a cikinsu ake jinjina wa mace, har a ɗora ta bisa sauran mawaƙa, saboda wani abu da ya yi kama da wanda dattijuwar ta yi a kyauta.

Manufarmu a wannan ɗan sharhi ita ce mu dubi wannan fasaha ta Turai kamar yadda faifai ya adana ta, mu ga ko za ta buɗe mana kunne game da mawaƙanmu mata, waɗanda muke nazarin kalmominsu a takarda alhali mun bar muryoyinsu a waje.

Opera dai wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa maimakon a faɗe su, kuma ya fara ne a Italiya wajen shekarar 1600. Masu wannan sana'a sun kasa muryoyi bisa kaurinsu da sirantakarsu, mafi tashi a cikin na mata ita suke kira sofrano. A cikin masu sofrano kuma akwai wani rukuni da ake ce wa koloratura. Asalin kalmar shafa launi ne, wato ado. Mai wannan murya takan ɗauki gaɓa ɗaya tak ta yi ta hawa da sauka da ita bisa matakalar sauti da gudu, ko ta tsintsinka ta ɗigo-ɗigo, ko ta kaɗa murya tsakanin sauti biyu maƙwabta har kunne ya kasa raba su. Duk wannan kuma babu makirufo, a cikin zaure mai ɗaukar dubban mutane, ga tarin makaɗa suna aiki a gabanta.

Misalin da aka fi sani shi ne na Sarauniyar Dare a wasan Mozart mai suna Sarewar Tsafi, wanda aka fara nunawa a birnin Biyana ranar 30 ga Satumba, 1791. Mozart ya ɗinka waƙoƙin sarauniyar ne daidai da maƙogwaron yayar matarsa, Josepha Hofer, kamar yadda tela kan auna mutum kafin ya yanka yadi. A waƙarta ta biyu, sarauniyar ta miƙa wa 'yarta wuƙa ta ce ta kashe abokin gabarta, in kuwa ta ƙi to ta yafe ta har abada. Da fushin ya kai ƙarshe, sai kalmomi su ɓace, ya rage wasalin "a" kaɗai tana jefa shi sama, har ya kai wani sauti da iska ke kaɗawa kusan sau 1,400 a daƙiƙa guda. Maganar mace ta yau da kullum ba ta cika wuce 200 da wani abu ba. Masana sauti sun nuna cewa a irin wannan tsawo kunne ba ya iya bambance wasali da wasali, ko da mawaƙiyar ta so ta furta kalma. Ke nan Mozart bai yi asarar komai ba da ya jefar da kalmomin. Ya ajiye adon ne a wurin da harshe ya riga ya gaza. Mai karatu ya riƙe wannan batu, don za mu komo gare shi.

Sai dai gwanintar hawa sama ba ta isa a ce mace ta iya ba, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a wasan Lucia di Lammermoor na Donizetti, wanda aka fara a Napoli a 1835. Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta littattafan soyayya na Kano. Yarinya ce ke son wani saurayi, wanta kuwa ya yi mata ƙarya cewa saurayin ya yaudare ta, ya aurar da ita ga wani mai hali don ya ceci gidansu daga karaya. A daren biki ta kashe angon, ta fito gaban 'yan biki da jini a riga, hankalinta ya gushe, tana ganin kamar da masoyinta ake ɗaura mata aure. Wannan fitowa ita ce ma'aunin kowace koloratura. Akwai wani wuri a cikinta da muryar mace ke tsere da sarewa, wannan ta yi, waccan ta amsa. Ba Donizetti ya rubuta wurin a siffar da ake ji yanzu ba, mawaƙa ne da malamansu suka ƙara shi bayan rasuwarsa, kamar yadda 'yan amshi kan ƙara wa waƙar ubangidansu abin da bai sa ba har ya zauna.

Mata biyu suka fi shahara da Lucia a ƙarni na ashirin. Ta farko Maria Callas (1923-1977), 'yar asalin Girka da aka haifa a Amurka, wadda ta yi faifan wasan a 1953, aka kuma naɗi wani da ta yi a gaban jama'a a Balin a 1955. Ta biyu Joan Sutherland (1926-2010), 'yar Ostireliya, wadda ta yi suna a dare ɗaya da wannan wasa a Landan cikin Fabrairun 1959, ta yi faifansa a 1961 da 1971. Mun saurari huɗun a jere fiye da sau ɗaya. Idan tsabtar murya ake nema, Sutherland ba ta da tsara. Kaɗawarta daidai take kamar an auna, gudunta ba ya tuntuɓe, kuma ƙarfin muryar ba ya raguwa komai tsawon da ta hau. Amma masharhanta sun daɗe suna yi mata tsegumi a kan abu ɗaya, cewa tana haɗiye baƙaƙe don kada su tsinka mata zaren sauti, har Ba'italiye kan rasa me take faɗa. Mu da ba mu jin Italiyanci ma mun lura da haka, domin waƙar takan zame mana wasali ɗaya dogo mai daɗi.

Callas kuwa muryarta ba ta da wannan santsi. Akan ji inda ta sauya daga ƙirji zuwa kai, wani lokaci kuma sautin sama yakan yi rawa ba da sonta ba. Amma a faifan Balin, da ta zo wurin haukan, sai ta cire wa muryar jini, ta mai da ita fara fat kamar ta yarinya ƙarama mai magana cikin barci. Kowane ado da ta yi yana da dalili. Gudun da ta yi ƙasa yakan yi kama da tunani da ya kuɓuce mata, amsar da take ba sarewa kuwa kamar mai hira da wanda ita kaɗai ke ganinsa. A ganinmu Callas ta fi, ko da yake mun san akwai masu kunne fiye da namu da suka zaɓi ɗayar. Dalilinmu shi ne, da muka gama sauraren Sutherland sai muka yi ta mamakin maƙogwaronta, da muka gama na Callas kuwa sai muka tarar yarinyar muke tunawa da abin da aka yi mata.

Tilas a nan mu tsaya a kan shi kansa faifan, domin shi ne shaidar da muke yanke hukunci da ita. Kafin 1925 babu lantarki a aikin naɗar sauti. Mawaƙiya irin Luisa Tetrazzini (1871-1940) takan tsaya ne gaban wani babban mazurari ta rera, ƙarfin muryarta ya motsa allura, allura ta zana kakin faifai. In ta zo sautin sama sai ta ja da baya don kada allurar ta yi tsalle. Gefe ɗaya na faifan garmaho bai wuce minti huɗu da 'yan kai ba, kuma in an yi kuskure sai a sake daga farko. Saboda haka duk da ƙarar soya da ke cikin waɗannan faya-fayai, abin da kunne ya ji shi mace ta yi, a numfashi ɗaya. Da tef ya shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka sami damar yankewa da liƙawa. Sanannen abu ne cewa a faifan Tristan na Wagner da aka yi a 1952, wata mawaƙiya, Elisabeth Schwarzkopf, ita ta ara wa Kirsten Flagstad sautukan sama da tsufa ya fara hana ta kaiwa. Daga nan masu sauraro suka koyi tambayar faifai, shin muryar ce ko almakashi. Shi ya sa har yau suke daraja naɗin da aka yi a gaban jama'a, da tarinsa da tafinsa.

To, ina namu yake? Wanda ya ɗauki waƙoƙin matan Hausa yana neman wurin da aka ja gaɓa ɗaya bisa sauti ashirin ko talatin, da wuya ya samu, har ya yi saurin cewa ba mu da wannan fasaha. Amma akwai dalili a cikin harshen kansa. Ba'italiya tana iya jan wasalin kalma yadda ta ga dama, ta hau da shi ta sauka, ma'ana ba ta motsa ba. Bahaushiya ba ta da wannan sakewa. In ta ja gaɓar farko ta gari, wanda ake shiga, ya koma gari na tuwo. In ta sauke ƙarshen kuka na hawaye, ya zama kuka ta miya. Gaskiya ne mawaƙa kan ɗan saɓa wa karin sauti idan rauji ya matsa musu, mai sauraro ya gane daga zancen, amma nauyin gaɓa da tsawon wasali ba a wasa da su, domin a kansu aka gina karin waƙar baki ɗaya. Kunnen Bahaushe kuma ya horu da jin awon ja tun yana yaro. Ba muna kwatanta karatun Alƙur'ani da waƙa ba ne, Allah ya kiyaye, amma duk wanda ya zauna a wurin musabaƙa ya ga yadda alƙalai ke kama yarinya don ta ƙara wa maddi ko ta rage masa, ya san mu mutane ne da ke ƙirga tsawon wasali.

Saboda haka matanmu sun yi abin da Mozart ya yi, ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Sun bar kalma ta fita da siffarta, sun kai adon can inda ta ƙare. Wuri na farko shi ne wutsiyar layi, inda wasalin ƙarshe ya riga ya sauke nauyin ma'anarsa, mawaƙiya ta sami damar lanƙwasa shi kafin 'yan amshi su karɓa. Na biyu shi ne 'yan gaɓoɓin nan da ba su da fassara, irin su ayye da iye da yaraye da nanaye, waɗanda suka cika waƙoƙin daka da na niƙa da na gaɗa da na raino. Mun ji ana kiran su ciko, kamar dai ba su da aiki sai toshe gurbi. Amma mai karatu ya tuna wata waƙar niƙa da ya taɓa ji daga bakin kakarsa, ya tambayi kansa a ina ne muryar ta fi taɓa shi. Mu dai a waɗannan gaɓoɓi ne. Mace mai habaici ga kishiya ko uwar miji takan faɗi abin da za ta iya faɗa da kalma, sauran kuma, wanda ba ya faɗuwa, ta zuba shi a cikin ayye.

Wuri na uku shi ne guɗa, wadda babu kalma a cikinta sam. Ba za mu ce ita da kaɗawar 'yar opera abu ɗaya ba ne, domin waccan a maƙoshi ake yin ta, guɗa kuwa aikin harshe ne da hanci. Amma abubuwan da ake auna su da su ɗaya ne: tsawon da aka hau, daidaiton kaɗawa, daɗewar numfashi, da yadda aka sauka ba tare da muryar ta karye ba. Mata sun san wannan sarai. A kowane dangi an san wadda ake jira ta iso kafin a fito da amarya, an kuma san wadda in ta fara ake ƙunshe dariya. Sannan guɗar haihuwa daban take da ta naɗin sarauta a kunnen wanda ya saba, haka wadda zabiya ko maguɗiya kan saka a tsakanin kirarin sarki ranar hawa, a daidai gurbin da maroƙi ya ja numfashi. Akwai sani a nan, sai dai yana hannun mata, bai shiga littafi ba.

Kada kuma a ɗauka sai siririyar murya ce ke da ado. Marigayiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, muryarta daga ƙirji take fitowa, mai kauri da ɗan gautsi. Adonta a cikin lokaci yake. Takan riga ƙwarya shiga ko ta bar ta ta wuce da ɗan kaɗan, takan guntule kalma ta jefa wa 'yan amshi, takan sa dariya a cikin sautin ba tare da ta daina rerawa ba. Wanda ya karanta waƙoƙinta a takarda kawai zai ga barkwanci da wa'azin sana'a ga mata, ba zai gane abin da ke tayar da zauren biki tsaye ba. Haka mu da ke Jihar Neja muna da Hajiya Fatima Lolo, zabiyar Nufawa da ta yi wa sarakunan Bida waƙa har cikin tsufanta, ta rasu a 1997. Nufanci ma harshe ne mai karin sauti, har ya fi Hausa matakai. Ɗalibi mai jin harsunan biyu, kuma ba su da wuyar samu a Minna, zai iya zama da naɗe-naɗenta ya gano a ina ita ta ajiye nata adon.

Siririyar muryar da ta mamaye kunnuwanmu a yau ta wata hanya ta zo. Shekaru da dama gidajen silima na Arewa suna nuna finafinan Indiya, kuma muryar da aka fi ji a cikinsu ita ce ta Lata Mangeshkar (1929-2022), wadda ta tashi cikin horon waƙar gargajiyar ƙasarsu mai cike da lanƙwasa da gudu. Da finafinan Hausa suka kankama a Kano bayan Turmin Danya na 1990, sai wannan murya ta zama abin koyi ga masu rera waƙar fim. Mata irin su Rabi Mustapha da Maryam A. Baba da Fati Nijar sun yi aiki mai wuya da ba a cika yaba musu a kai ba, wato ɗora Hausa bisa rauji da aka gina don wani harshe, ba tare da kalmomin sun wargaje ba. A waƙoƙin farko-farko, da fiyano ɗaya da ƙaramin situdiyo, akan ji numfashin mace, akan ji inda ta yi ƙoƙari.

Sai kuma manhajar Auto-Tune, wadda wani kamfanin Amurka ya fitar a 1997 don gyara ɗan kaucewar murya, ta iso situdiyoyinmu. Aikinta shi ne ta kama kowane sauti ta ja shi zuwa mataki mafi kusa. In an matsa ta da ƙarfi, kamar yadda aka saba yi a nan, sai ta hana murya zamewa daga sauti zuwa sauti, ta mai da gangara ta koma tsani. Ga Hausa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin muna da faɗaɗɗen karin sauti wanda zamewa ce tsantsa a kan gaɓa ɗaya. Shi ya raba kai na jiki da kai na wakilin suna, shi ne a cikin yau da rai da mai na miya. Ɗan adon da harshen ya ba mawaƙiya kyauta a cikin kalma ke nan, na'urar kuwa ta fi tsananta masa. Abin da ya fi damunmu shi ne, yanzu ba a iya sanin wadda ta iya da wadda ba ta iya ba. Turawa sun taɓa yin wata attajira, Florence Foster Jenkins, da ta biya aka naɗe ta tana rera waƙar Sarauniyar Dare a farkon shekarun 1940, ba ta kama ko sauti ɗaya na sama daidai ba, har yau ana sauraren faifan don dariya. Da a situdiyon zamaninmu ta shiga, da ta fito sumul.

Laifin kuma ba na masu situdiyo kaɗai ba ne, akwai namu. Hanyoyin nazarin da muka gada, irin wadda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa ta feɗe waƙa da wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sun yi mana babban amfani, kuma Gusau bai manta da rauji da kiɗa da amshi ba. Mu ne da muka ɗauko su muka tsaya a jigo da salo, saboda su ake iya yi a kan tebur da biro. Mun sha duba kundayen ɗalibai a kan waƙoƙin mata, inda ɗalibi ya juye kaset zuwa takarda, ya share duk wani ayye da yaraye don yana ganin ba kalmomi ba ne, ya rubuta "sai guɗa" a inda mace ta yi abin da ya fi komai wuya a waƙar, ya wuce. Kaset ɗin kuwa ba a haɗa shi da kundin, bayan shekara biyu ba a san inda yake ba. Turawan da muka ambata suna iya jayayya a kan Callas da Sutherland ne saboda faya-fayan suna nan, kowa na iya komawa minti kaza ya ce a saurari nan. Suna kuma da sunan kowane irin ado. Mu ma muna da somin-taɓi a bakin mutane: zaƙin murya, gautsi, amo, karya murya, jan murya, rangaɗawa, sheƙewa. Aikin da ya rage shi ne a je wurin mata a tambaye su me suke kiran kowane abu, a rubuta, a kuma wajabta wa duk mai nazarin waƙar baka ya miƙa sautin tare da takardar, tunda yanzu wayar da ke aljihunsa ta ishe shi naɗa.

Bayan sati uku da bikin Limawa aka turo mana bidiyonsa a waya. Mun yi ta ja da yatsa har muka kai wurin fito da amarya. Ga dattijuwar nan a gefen hoto, ta kama hanci, ta ɗaga kai, jijiyoyin wuyanta sun fito. Mai tace bidiyon ya cire sautin wurin gaba ɗaya, ya ɗora waƙar amarya ta situdiyo a kai.